GANI YA KORI JI: YADDA MAI CIN GASHIN KANSA ZAI SAMI AMINCEWAR MASU BA SHI AIKI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba mu damar yin tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi tukunyar gidaje masu yawa daga cikinmu, wato yadda mutumin da ke yi wa kansa aiki zai sa baƙon da bai san shi ba ya amince ya danƙa masa aiki da kuɗi.

GABATARWA

Idan muka dubi 'yan garinmu mazauna Kano, Kaduna, Abuja, Legas da Fatakwal, za mu ga cewa waɗanda ke jiran albashi a ƙarshen wata ba su da yawa. Rahotannin ƙwadago da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a shekarun 2023 da 2024 sun nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya kansu suke yi wa aiki. A cikinmu akwai teloli da kafintoci da magina da masu walda da masu wayarin da masu haɗa wutar sola. Akwai kuma sabon rukuni na matasa masu zane a kwamfuta, da masu fassara, da masu ɗaukar hoto, da masu tsara manhaja, da masu tallata hajar 'yan kasuwa a intanet. Dukansu abu guda ya haɗa su: kowane aiki sai sun nemo shi da kansu, kuma idan ya ƙare sai sun sake nemo wani.

A gida wannan bai zama abin damuwa ba, domin sanin asali yana isar wa mutum. Da zarar an ce wane ɗan gidan wane ne, magana ta ƙare, saboda an san ubansa, an san wanda ya koya masa sana'a, an kuma san inda za a kai ƙara idan ya saɓa. Amma a birni babu wanda ya san kakanka, balle a ce mai ba ka aikin yana zaune a Ingila ko Dubai. Saboda haka abin da muke so mu tabbatar a wannan jawabi shi ne, abin da ke maye gurbin sanin asali a birni shi ne shaidar aikin da mutum ya riga ya gama, wadda wani zai iya bincikawa ya tabbatar.

ME YA SA MAI BA DA AIKI KE ƊAR-ƊAR?

Sau da yawa matasanmu kan yi ƙorafin cewa masu kuɗi ba su yarda da su ba, ko kuma suna yi musu tayin wulaƙanci. Kafin mu zargi mai ba da aiki, ya kamata mu fahimci halin da yake ciki. Mai sayen hatsi yana iya zura hannu cikin buhu ya duba. Mai sayen rago yana iya taɓa shi ya ji nauyinsa. Amma wanda zai ba da aikin wayarin gidansa, ko fassarar takardun kamfaninsa, yana biyan kuɗin abin da bai wanzu ba tukuna, kuma ko an gama ba lallai ne ya iya gane mai kyau daga marar kyau ba sai bayan watanni. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama.

Masana tattalin arziki sun daɗe da nazarin wannan matsala. A shekarar 1970 wani masani ɗan Amurka mai suna George Akerlof ya yi rubutu a kan kasuwar motocin da aka riga aka yi amfani da su. Ya nuna cewa mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, amma mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba zai iya bambance lafiyayya da mai ciwo ba, sai ya taya kowace mota da farashin tsaka-tsaki. Mai lafiyayyar mota ba zai yarda da wannan farashi ba, sai ya janye tasa, kasuwa ta cika da masu ciwo, farashi ya ƙara faɗuwa. Haka abin yake a sana'o'inmu. Ƙwararren mai ɗaura tayil da wanda ya yi wata uku yana koyo, duk kalma ɗaya suke faɗa: na iya. Idan mai gida bai ga abin da zai raba su da shi ba, kuɗin ɗan koyo zai taya su duka biyun, kuma ƙwararren ne ya yi asara.

A shekarar 1973 wani masanin kuma, Michael Spence, ya kawo bayanin mafita. Ya ce alamar da mutum zai nuna don a san ingancinsa tana amfani ne kawai idan tana da sauƙin samuwa ga na ƙwarai, tana kuma da wuya ko tsada ga wanda ba na ƙwarai ba. Waɗannan masana biyu, tare da Joseph Stiglitz, su ne suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2001. Wannan ma'auni shi za mu riƙe: duk shaidar da maƙaryaci zai iya ƙirƙirowa cikin sauƙi, ba ta da nauyi. Rantsuwa da zaƙin baki da kati mai ƙyalli kowa na iya yi. Amma gida biyar da ka yi wa wayarin, waɗanda masu su za su ɗaga waya su yabe ka, wannan ba ya ƙirƙiruwa a dare ɗaya.

Akwai ƙarin nauyi a kan matasanmu masu neman aiki daga ƙasashen waje. Damfarar da ake kira 419, wadda ta samo suna daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka, ta shafa wa 'yan Nijeriya kashin kaji a idon duniya. Yaronmu mai gaskiya yana shiga ciniki ne da bashin zargin da wani ya ci. Fushi ba zai biya wannan bashi ba, shaida ce kaɗai za ta biya.

DARASI DAGA KASUWAR SHANU TA IBADAN

Kada mu ɗauka cewa Turawa ne suka fara warware wannan matsala. Iyayenmu fatake sun warware ta tun da daɗewa. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa sakamakon bincikensa a 1969. Ya bayyana yadda falke zai kawo shanu daga Arewa, ya sauka a wurin mai gida a Sabo, ya danƙa masa su. Dillalan mai gida su ne za su sayar wa mahauta Yarabawa, kuma galibi bashi ake bayarwa, ba tare da takarda ko banki ba. Idan mahauci ya ƙi biya, mai gida ne ke ɗaukar nauyin.

Me ya riƙe wannan ciniki mai ɗimbin dukiya tsakanin mutanen da ba ƙabila ɗaya ba? Abu biyu ne. Na farko, dillalai sun san tarihin kowane mahauci: sau nawa ya karɓa, sau nawa ya biya a kan lokaci, nawa ne iyakar abin da zai iya ɗauka. Na biyu, akwai mutumin da ya tsaya, wanda idan abu ya ɓaci dukiyarsa da sunansa ne za su taɓu. Wato tarihin aiki da mai tsayawa. Duk wata dabara ta zamani da za mu ambata a gaba, a kan waɗannan ginshiƙai biyu take zaune.

WACE IRIN SHAIDA CE KE DA NAUYI?

Shaida hawa uku ce. Hawa na farko shi ne takardun da ke nuna cewa kai wane ne, kuma ka koyi abin da kake iƙirari. A nan akwai takardar gwajin sana'a da Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke bayarwa mataki uku, da rajistar hukumar COREN ga masu aikin injiniya, da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, wadda kowa zai iya bincika sunan a shafinta ya ga ko da gaske ne. Waɗannan suna da amfani, domin suna nuna cewa kana da adireshi kuma ba gudu za ka yi ba. Sai dai takarda tana nuna an koya maka ne kawai.

Hawa na biyu shi ne nuna aikin kansa: rigar da ka ɗinka, ƙofar da ka ƙera, littafin da ka fassara. Wannan ya fi takarda ƙarfi.

Hawa na uku, wanda shi ne mafi nauyi kuma shi aka fi sakaci da shi, shi ne nuna abin da aikinka ya haifar wa wanda ka yi wa. Mai kemis da ya kira a haɗa masa sola, buƙatarsa ita ce firjinsa ya kwana da sanyi kada magani ya lalace, kuma kuɗin man janareta ya ragu. Hoton faifan sola a kan rufi bai amsa masa wannan ba. Abin da zai gamsar da mai kemis na gaba shi ne a ce masa: ga wani mai shago irin naka, ga litar man da yake saye a mako kafin aikin, ga wadda yake saye yanzu, shekara guda ke nan batir bai ba shi matsala ba, ga lambarsa ka tambaye shi. Haka nan yarinyar da ke tallata wa mai atamfa hajarsa a Facebook ko Instagram, yawan waɗanda suka yaba hoto ba shi ne sakamako ba, domin yabo ba ya biyan kuɗin haya. Sakamako shi ne turmi nawa aka sayar a wata kafin ta karɓi aikin, da nawa aka sayar bayan ta karɓa.

Daga nan za mu ga cewa shaida tun kafin a fara aiki ake shirya ta. Wanda bai auna halin da ya tarar ba, ba zai iya nuna canjin da ya kawo ba. Muna ba da shawara kowane mai sana'a ya buɗe kundi, ko littafi ne na rubutu ko a cikin waya, inda kowane aiki zai sami shafi guda mai ɗauke da abubuwa biyar: matsalar da aka kira shi dominta, abin da ya yi, kwanakin da ya yi alkawari da waɗanda aikin ya ci, sakamakon da aka samu, da alƙaluma idan akwai, sai sunan wanda ya yarda a tuntuɓe shi. A ɗauki hoto kafin aiki, da lokacin da ake yi, da bayan an gama, daga kusurwa ɗaya, kuma mai aikin ya fito a cikin wasu. Bayan wata shida a koma a duba, domin aikin da ya ga damina ya ga rani bai motsa ba ya fi wanda aka ɗauka fenti bai bushe ba.

Idan an zo nunawa kuma, a zaɓi abin da ya yi kama da buƙatar wanda ke gabanka. Mai neman a yi masa silin ɗin ofis, aiki uku na ofis sun ishe shi. Hotuna 200 na gadaje da kujeru gajiyar da shi za su yi.

TO, WANDA BAI TAƁA SAMUN AIKI BA FA?

Wannan ita ce tambayar da matasa suka fi yi: ba a ba ni aiki sai na nuna shaida, kuma ba ni da shaida sai an ba ni aiki. Mai kilishi ya riga ya ba da amsa, domin ba ya gardama da mai saye, ɗanɗano yake miƙa masa. Mai fassara ya fassara shafi ɗaya a gani. Mai zane ya zana samfuri guda. Magini ya nemi a ba shi katanga kafin a ba shi ɗaki. Amma ɗanɗano yanki ne, ba tire ba. A sa masa iyaka tun farko, kada ya zama hanyar ci da gumin yaro.

Hanya ta biyu ita ce a rage wa mai ba da aiki abin da zai iya asara. A raba aikin gida-gida, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a karɓi kafin alƙalami daidai kuɗin kayan matakin farko, a ba da rasit, sauran kuɗi kuma sai an ga kowane mataki. A ƙara da garanti na ƙayyadadden lokaci. Wanda ya san aikinsa ba ya tsoron garanti, kuma ɗan koyo ba zai iya ɗaukarsa ba, don haka shi ma shaida ne.

Hanya ta uku ita ce aron suna. Ubangidan da ya yaye ka ya rubuta maka takarda, ya kuma yarda a kira shi. Ko ka yi wa wata makaranta ko ƙaramin asibiti aiki da rangwame, bisa sharaɗin za su rubuta abin da suka gani, su bari a zo a duba.

KASUWANNIN AIKI NA INTANET

Tun bayan shigowar wayar salula ta GSM Nijeriya a 2001, kasuwar mai sana'a ta wuce unguwarsa. Dandalin Fiverr ya fara aiki a 2010, Upwork kuma ya sami wannan suna a 2015 bayan haɗewar kamfanonin Elance da oDesk. Idan muka duba yadda suke aiki, za mu ga mai gidan Sabo ne ya sake riga. Mai ba da aiki yana ajiye kuɗi a hannun dandalin, ba a sakar wa mai aiki sai an gama, dandalin ya cire la'adarsa. Bayan kowane aiki ana ba da maki da ɗan sharhi, waɗanda ke taruwa su zama tarihin mutum, kowa na gani. Shi ya sa ayyukan farko suka fi kowane muhimmanci, ko da kuɗinsu kaɗan ne. Matasanmu da suka sami horo a shirye-shirye irin su 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su sani cewa takardar kammalawa hawa na farko ce kawai. Haka kuma, sunan da aka gina a dandalin wani yana hannun mai dandalin. Idan aka rufe shafinka ya tafi ke nan. Saboda haka kowa ya riƙe kundinsa na kansa.

ABUBUWAN DA KE RUSA AMANA

Na farko shi ne aron hoton aikin wani. Tela ya ɗauko hoton ɗinki daga intanet ya ce nasa ne, ranar biki amarya ta ga abin da ba shi ta zaɓa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yanzu akwai manhajojin da ke gano asalin hoto cikin daƙiƙu. Bugu da ƙari, tun da ƙirƙirarriyar basira ta bazu daga ƙarshen 2022, ana iya haɗa hoton ginin da ba a taɓa ginawa ba. Wannan ya rage darajar hoto shi kaɗai, ya ƙara darajar mutum mai rai da za a kira, da wurin da za a je a gani da ido.

Na biyu shi ne yabon boge, inda mutum zai sa 'yan'uwa su rubuta sharhi kamar su kwastomomi ne, ko ya saya da kuɗi. Wannan shaidar zur ce. A Amurka, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta kafa ƙa'ida a 2024 wadda ta haramta saye da sayar da irin wannan sharhi, kuma dandalin da ya kama mutum yana iya rufe shafinsa.

Na uku shi ne tona asirin wanda ka yi wa aiki. Akanta da ya nuna littafin cinikin wani, ko mai hoto da ya baza hotunan matan gidan mutane don talla, ya nuna ƙwarewa amma ya zubar da amana, kuma wanda ake nuna wa zai san cewa gobe nasa za a nuna. A nemi izini tukuna, a rufe suna da alƙaluman da mai su bai yarda a gani ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta sa wannan ya zama batun shari'a.

Na huɗu shi ne cika baki. Idan ciniki ya ƙaru a watan da ka yi talla, amma watan jajibirin salla ne, ka faɗi haka. Mai hankali zai fi yarda da wanda ya san iyakar abin da aikinsa ya jawo. Idan kuma wani aiki ya taɓa samun matsala ka koma ka gyara da kuɗinka, kada ka ɓoye, domin mai ba da aiki ya san babu aikin da ba ya samun tangarɗa. Abin da yake son sani shi ne ko za ka ɗaga waya ranar da ta faru.

GA MASU BA DA AIKI DAGA CIKINMU

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, Allah ya hore musu, su ne masu ba da aikin. Ku ma kuna da rawar takawa. Idan yaro ya yi muku aiki mai kyau, ku biya shi a kan lokaci, ku kuma rubuta masa layi uku na abin da ya yi da sa hannunku, domin wannan takarda tana iya fi masa kuɗin aikin amfani. Amma kada zumunci ya sa mu tsaya wa wanda ba mu ga aikinsa ba. Mai gidan Sabo maganarsa ta yi nauyi ne saboda ya san zai biya idan ta tashi ƙarya. Ranar da muka tura wa abokin aikinmu ɗan garinmu ya ɓata masa gini, mun rufe ƙofa ga yara goma masu gaskiya da ke biye da shi.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga cewa mai ba da aiki yana ɗar-ɗar ne saboda ba ya iya ganin abin da ke hannunmu, kuma maganin wannan shi ne tarihin aiki da za a iya bincikawa, tare da mutumin kirki da zai tsaya mana. Muna roƙon kowane mai sana'a da ke wannan zaure, kafin ƙarshen wannan wata, ya zaɓi ayyuka uku mafi kyau da ya gama, ya koma wurin masu su, ya tambaye su abin da aikin ya amfana musu, ya rubuta, ya kuma nemi izinin ba da lambarsu. Wanda zai fara sabon aiki gobe, ya auna abin da ya tarar kafin ya taɓa komai. Muna fatan idan Allah ya kai mu taron baɗi, kowa zai zo da kundinsa a hannu.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.